Saƙo Ɗaya, Masu Karɓa Miliyan

Gidan rediyo ba ruwansa da yawan masu sauraro. Da zarar ya ɗora murya a kan iska, ko mutum goma ne suka kunna akwati ko miliyan goma, wutar da injin watsa shirin zai sha ɗaya ce. Ita kuwa intanet tun asali hanyar magana ce tsakanin kwamfuta biyu, wannan ta aika, waccan ta karɓa. Idan mutum miliyan 1 suna kallon wasan ƙwallo kai tsaye a wayoyinsu, sai an fitar da hoton sau miliyan 1, kowa da nasa kwafin. A ce kowane kwafi yana cin megabit 2 a daƙiƙa, an tashi da megabit miliyan 2 ke nan kowace daƙiƙa, alhali abu guda ake ta maimaitawa. Dubban kwafin nan kuma sukan bi waya ɗaya, su ƙetare teku ɗaya, su shigo gari ɗaya, sai dab da ƙarshen tafiya su rabu.

Wannan asarar ce ta haifi fagen binciken da ake kira maltikas, wato aika wa rukuni. Kafin a gane shi sai an san yadda saƙo ke tafiya. Duk abin da ka aika, rubutu ne ko murya ko bidiyo, yayyanka shi ake yi ƙanana, kowane yanki a naɗe shi a ƙunshi, wanda galibi ba ya wuce bayit 1,500, a rubuta masa adireshin mai aikawa da na mai karɓa. A kowace mararraba akwai na'urar da ake kira rauta. Aikinta ta duba adireshin, ta duba jadawalinta, ta tura ƙunshin ta ƙofar da ta dace, shi ke nan ta manta da shi. Ba ta san wa ke magana da wa ba, ba ta kuma alkawarin cewa ƙunshin zai isa. Wannan mantuwa ita ce ta ba intanet damar girma yadda ta girma, kuma ita ce maltikas ya zo ya taɓa.

A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Stanford ta Amurka, Steve Deering, yana aiki da malaminsa David Cheriton, ya kawo shawarar a ware adireshin da ba na kwamfuta ɗaya ba, na rukuni. Mai aikawa ya fitar da ƙunshi guda zuwa wannan adireshi, rautoci su ɗauke shi, kada a kwafe shi sai inda hanya ta rabu kuma akwai masu so a kowane reshe. Ta haka babu wayar da za ta ɗauki abu ɗaya sau biyu. A 1989 ya fitar da takardar da ta zama ginshiƙi, mai lamba RFC 1112. An ware adireshi daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255, sama da miliyan 268, don rukunoni kaɗai. Tsarin nasa a buɗe yake ƙwarai: kowa na iya shiga rukuni, kowa na iya fita, kowa na iya aika wa rukunin ko da shi ba ɗan ciki ba ne, kuma mai aikawa bai san su wa ke karɓa ba.

Matakin farko mai sauƙi ne, kuma akwai dabara a cikinsa da za mu sake haɗuwa da ita. Rautar unguwa tana bukatar sanin ko akwai mai son wani rukuni a cikin kwamfutocin da ke ƙarƙashinta. Ƙa'idar da ke wannan aiki sunanta IGMP. Lokaci-lokaci rauta kan yi cigiya: wa ke cikin wane rukuni? Da kwamfuta ɗari za su amsa tare, da layin ya cushe a banza, tunda rautar ba ƙidaya take so ba, so take ta san ko akwai ko da mutum ɗaya. Sai aka tsara cewa kowace kwamfuta ta zaɓi wani ɗan lokaci da ka, wanda bai wuce daƙiƙa 10 ba, ta jira. Wadda lokacinta ya fara cika ta amsa a fili, sauran da suka ji an riga an faɗa sai su yi shiru.

Wahalar tana tsakanin rautoci. Dole a shimfiɗa wata bishiya, saiwarta a wurin mai aikawa, rassanta su kai ga duk unguwar da ke da mai so, ba tare da ƙunshi ya shiga zagaye ba. Hanyoyin intanet cike suke da zagaye, kuma ƙunshin da ake kwafa a kowace mararraba idan ya faɗa zagaye, hayayyafa zai yi ta yi har ya toshe layin. Maganin ya fito daga wata dabara da Yogen Dalal da Robert Metcalfe suka wallafa a 1978. Maimakon rauta ta dubi inda ƙunshi za shi, sai ta dubi inda ya fito, ta tambayi kanta: da ni zan aika wa mai wannan ƙunshin saƙo, ta wace ƙofa zan bi? Idan ta wannan ƙofar ƙunshin ya shigo, ta karɓa ta raba wa sauran ƙofofi. Idan ta wata ƙofa dabam ya shigo, kwafi ne da ya kewayo, sai ta jefar. Da wannan tambaya guda bishiya ke fitowa da kanta, ba wanda ya zana ta.

Ƙa'idar farko da aka gina a kan haka ita ce DVMRP, ta 1988. Yadda aka yi ta aiki da ita shi ne a fara malala ƙunshin ko'ina, sannan rautar da ba ta da mai so ta aika wa ta sama da ita cewa a daina, a datse wannan reshe. Bayan wani lokaci datsewar kan ƙare, a sake malalawa, a sake datsewa. A ƙaramar hanyar sadarwa wannan ba laifi. A duniya baki ɗaya kuwa ma'anarsa ita ce rauta a Tokyo sai ta riƙe rajistar wani taro da ake yi a Landan wanda babu mai kallonsa a wajenta, don kawai ta tuna cewa ta ce ba ta so.

Duk da haka an gwada, kuma ya yi aiki. A watan Maris na 1992, a taron ƙungiyar injiniyoyin intanet ta IETF a San Diego, Stephen Casner da Deering suka watsa muryar taron kai tsaye zuwa wurare kusan 20 a nahiyoyi uku. Yawancin rautocin lokacin ba su san maltikas ba, don haka sai aka riƙa cusa ƙunshin rukuni a cikin ƙunshi na yau da kullum, a aika shi daga wata kwamfuta mai fahimta zuwa wata, can a kwance shi. Wannan haɗin gwiwa na sa-kai shi ne MBone. A kansa aka riƙa kallon tafiye-tafiyen kumbon NASA, a Nuwamban 1994 kuma aka watsa wani ɓangare na wasan mawaƙan Rolling Stones daga Dallas. Faɗin hanyar duka a lokacin kusan kilobit 500 ne a daƙiƙa, bai kai abin da waya guda ke ja yau don bidiyo mai kyau ba, shi ya sa mai son watsa shiri kan sanar tun da wuri don kada ya yi karo da wani. Ladabi ne ya riƙa tsare hanyar, abin da ke yiwuwa muddin masu amfani da ita 'yan jami'a ne da suka san juna.

Gyaran da aka kawo wa malalawa shi ne a juya tsarin, kada a kai wa kowa sai wanda ya nema. A 1993 Tony Ballardie da Paul Francis da Jon Crowcroft suka kawo shawarar bishiya ɗaya ga kowane rukuni, mai cibiya a tsakiya. Ba da jimawa ba Deering da Deborah Estrin da Dino Farinacci da Van Jacobson da wasu suka fito da PIM, wadda ita ce ta rayu har yau. A cikinta ana naɗa wata rauta ta zama mahaɗa. Mai son rukuni yakan aika buƙatarsa ta hau daga rauta zuwa rauta har mahaɗa, kowace rautar da buƙatar ta ratsa tana rubuta ƙofar da za ta riƙa zubo kayan. Mai aikawa shi ma ya kai nasa mahaɗar. Idan kaya suka fara zuwa, mai karɓa ya ga adireshin mai aikawa, rautarsa na iya barin mahaɗar ta nemi gajeriyar hanya kai tsaye.

A cikin kamfani ɗaya wannan yana tafiya daidai. Tsakanin kamfanoni kuwa sai tambaya ta taso: mahaɗar a gidan wa za ta zauna? Babu kamfanin sadarwar da zai yarda hirar abokan cinikinsa ta dogara da na'urar abokin gasarsa. An yi faci iri-iri. Wanda ya warware ƙullin shi ne aikin Hugh Holbrook da Cheriton na 1999, waɗanda suka lura cewa yawancin abin da ake so a watsa, mai aikawa ɗaya ne kuma an san shi tun farko. To me ya sa za a nemi mahaɗa? Mai karɓa ya ambaci rukuni da adireshin mai aikawa tare, buƙatar ta nufi can kai tsaye. An ware adireshin da suka fara da 232 don wannan. A ganina nan ne fagen ya sauko ƙasa, sai dai ya sauko a makare. Sai a 2020 IETF ta ba da shawarar a daina amfani da tsohon tsarin kowa-ya-aika tsakanin hanyoyin sadarwa daban-daban.

Wannan duk rabin aikin ne, domin kai ƙunshi dabam, tabbatar da ya isa dabam. Rauta idan ta cika takan zubar da abin da ya fi ƙarfinta. Tsakanin kwamfuta biyu ƙa'idar TCP ce ke rufe wannan ɓaraka: mai karɓa yana ta aiko da shaidar cewa ya samu, abin da ba a shaida ba a sake aiko shi, idan asara ta yi yawa mai aikawa ya rage gudu. Ka ɗauki wannan ka ɗora wa masu karɓa 100,000. Kowane ƙunshi guda da ya fita, shaida 100,000 za ta dawo, mai aikawa ya nutse a cikin amsoshi. Idan aka ce to kada a yi magana sai an rasa, an rage hayaniya, amma ran da ƙunshi ya ɓace kusa da saiwar bishiya kowa ne zai rasa shi, kowa kuma zai yi kuka a lokaci ɗaya.

Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Kalifoniya, inda aka ƙera manhajojin MBone na murya da bidiyo da wani allon rubutu na tarayya mai suna wb. A 1995 Sally Floyd da Van Jacobson da Steven McCanne da Ching-Gung Liu da Lixia Zhang suka bayyana tsarin da ke ƙarƙashin allon, SRM. Wanda ya taɓa zama a zauren karatu ya san shi. Malam yana karanto nassi, almajirai suna rubutawa, kalma ta wuce mutum biyar. Mai hankali ba ya saurin katse malam, yakan ɗan dakata ko wani zai tambaya. Idan ɗaya ya tambaya da ƙarfi, sauran huɗun sun huta. Amsar ma ba sai daga bakin malam ba, na kusa da ya ji yana iya faɗa, kuma da ƙarfi zai faɗa don duk wanda ta wuce ya amfana. Haka SRM yake: wanda ya ga giɓi a lambobin ƙunshi ya jira ɗan lokaci da ka, gwargwadon nisansa da mai aikawa, sannan ya yi cigiya ga rukuni duka, duk mai kwafin kuma ya jira nasa ɗan lokacin kafin ya cike giɓin. Dabarar IGMP ce aka faɗaɗa. Rauninsa shi ne mutum ɗaya mai lalataccen layi yana iya cika wa dubbai kunne da cigiya da amsa. Saboda haka wasu, kamar Sanjoy Paul da abokan aikinsa a Bell Labs, suka raba masu karɓa yanki-yanki, kowane yanki da wakilin da ke tattara koke yana gyara na kusa. Wasu kuma suka sa rautocin da kansu su riƙa tace koken, kamar a ƙa'idar PGM ta 2001.

Akwai wata hanya da ta fi burge ni, domin ta kauce wa tambayar gaba ɗaya. A ce za a aika lambobi uku, 7 da 4 da 9. Sai a ƙara ta huɗu, jimillarsu, 20. Wani ya rasa 7, ya ga 4 da 9 da 20, ya san abin da ya ɓace. Wani ya rasa 9, shi ma ya cire 11 daga 20 ya samu. Ƙunshin gyara guda ya warkar da asara daban-daban a wurare daban-daban, ba wanda ya buɗe baki. A aikace lissafin ya fi wannan zurfi, yana komawa ga aikin Irving Reed da Gustave Solomon na 1960, amma ruhinsa ke nan. A 1998 John Byers da Michael Luby da Michael Mitzenmacher da Ashutosh Rege suka kai shi ƙarshe: mai aikawa ya yi ta zubo gaurayayyun ƙunshi ba iyaka, mai karɓa ya tara kowanne ya samu, da zarar adadin ya ɗan haura girman ainihin fayil ɗin sai ya warware shi. Ba ruwansa da wanne ya rasa ko yaushe ya shigo. Lambobin Raptor na Amin Shokrollahi, da suka biyo wannan layi, sun shiga ƙa'idojin watsa shirye-shirye ta hanyar wayar salula.

Murya da bidiyo kuma suna da nasu hali. Fayil yana iya jira, amma ƙunshin muryar da ya iso bayan lokacinsa ya wuce ba shi da amfani. Ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta bayar shi ne, hira tana daɗi idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba, wato bai kai kashi 1 cikin 6 na daƙiƙa ba. A irin wannan ƙunci gara a rasa ɗan yanki a rufe gurbin da a tsaya jiran a sake aikowa. Ƙa'idar RTP, wadda Henning Schulzrinne da Casner da Ron Frederick da Jacobson suka fitar a 1996, ba ta yi alkawarin isar da komai ba. Lamba take sa wa kowane ƙunshi da hatimin lokaci, don mai karɓa ya jera su, ya ɗan tara su, ya kunna su a kan kari. Rahoton da masu karɓa ke mayarwa kuma an ƙayyade masa kashi 5 cikin 100 na faɗin hanyar, idan jama'a suka ƙaru sai kowa ya rage yawan maganarsa.

Sauran tambaya ita ce gudu. Wani yana kan layin jami'a mai faɗi, wani yana kan siririn layin tarho. Idan aka bi mai rauni an cuci mai ƙarfi, idan aka bi mai ƙarfi an shaƙe mai rauni. McCanne da Jacobson da Martin Vetterli suka ce a 1996 a raba bidiyon hawa-hawa, kowane hawa a rukuninsa. Na farko hoto ne dishi-dishi, kowane ƙari yana ƙara masa kyau. Mai karɓa ya riƙa ƙara hawa har sai ya ga ƙunshi sun fara ɓacewa, sai ya saki na ƙarshe.

To da duk wannan basira, me ya sa wayarka ba ta maltikas take kallon ƙwallo ba? Dalili na farko ƙwaƙwalwar rauta ce. Adireshin kwamfutoci ana iya dunƙule miliyoyinsu a layi ɗaya na jadawali, tunda na yanki ɗaya a jere suke. Rukunoni ba sa dunƙuluwa, kowace bishiya sai an rubuta ta dabam a kowace rautar da ta ratsa, kuma tana canzawa duk sa'ad da wani ya shiga ko ya fita. Na biyu kuɗi. Kamfanin da ya karɓi ƙunshi ɗaya a iyakarsa, ya hayayyafa ya zama dubu goma a cikin gidansa, wa zai caja, kuma nawa? Mai shirin ne ya yi tsimi, mai waya ne ya ɗauki nauyi. Na uku tsaro, domin rukunin da kowa ke iya aika masa kyauta ce ga mai ɓarna. Ga shi kuma abin ba ya amfani sai duk kamfanonin da ke kan hanya sun kunna shi, kowa sai ya zauna jiran wani ya fara.

Ana cikin haka wayar gilashi da faifan ajiya suka yi ta araha, aka samu mafita mara kwalliya. Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da Danny Lewin suka kafa a 1998 daga MIT, ya baza kwamfutocin ajiya kusa da masu kallo. Netflix ya fara nasa tsarin a 2012, yana ba kamfanonin sadarwa akwatunan ajiya su girke a cikin gidajensu. Kwafi ɗaya ya ƙetare teku, ya sauka a irin waɗannan akwatuna ko a cibiyar musayar intanet irin ta Legas, daga nan a raba wa kowa nasa, galibi ta TCP. Bishiyar Deering ce dai, amma kwamfutocin da ke da mai su kuma ake biyansu su ne ke kwafin, rautoci suka ci gaba da mantuwarsu. Bidiyon ana yanka shi gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, kowane gutsure a matakan kyau daban-daban, wayarka ta zaɓi wanda layinta zai iya ɗauka, kusan shawarar McCanne a wata riga. Farashin shi ne jinkiri, shi ya sa mai kallo ta intanet kan kasance a bayan mai talabijin da daƙiƙoƙi masu yawa.

Ban yarda da masu cewa binciken ya tashi a banza ba. RTP da aka ƙera don tarukan MBone ita ce ke ɗauke da murya a yawancin kiran da ake yi ta intanet yau. Maltikas ɗin kansa yana nan da ransa a duk inda hanya take hannun mai ita ɗaya, inda babu gardamar wa zai biya. Kamfanonin da ke kai talabijin ta layin intanet a Turai da Amurka da Asiya da shi suke aiki: kowace tasha rukuni ce, idan ka danna rimot akwatin yakan aika saƙon IGMP na fita daga wannan rukuni da na shiga wancan. Kasuwannin hannun jari irin su Nasdaq da shi suke raba farashi, don kowane dillali ya samu a lokaci guda, kuma sukan aika kwafi biyu ta layi biyu dabam, abin da ya ɓace a ɗaya a tsince shi a ɗayan. Ko a ofis, lokacin da kwamfuta ta gano firinta ba tare da an nuna mata ba, galibi cigiya ta aika wa rukunin 224.0.0.251.

Masu bincike kuma ba su saki matsalar ƙwaƙwalwa ba. A 2017 IETF ta fitar da wani tsari mai suna BIER, wanda ya cire bishiyar daga cikin rautocin tsakiya ya mayar da ita cikin ƙunshin. Kowace rautar bakin iyaka ana ba ta gurbi guda a wani jerin sifili da ɗaya da ke goshin ƙunshi. Rautar da ke shigar da kaya ta kunna gurbin duk waɗanda ke so, ta tsakiya ta duba jerin, ta kwafa zuwa ƙofofin da suka dace, tana kashe gurbin waɗanda ba ta wannan ƙofar suke ba. Ba ta riƙe sunan rukuni ko ɗaya. Sai dai jerin yana da iyakar tsawo, kuma dole a samu mai raba gurabun, don haka shi ma a cikin gidan kamfani ɗaya aka tsara ya yi aiki.